Yadda ake gyara yoyon ruwa a manifol ɗin tsohuwar mota

Idan kana da tsohuwar mota, musamman irin V8 ɗin nan na Amurka na shekarun 1960 da 1970, kullum sai ka ƙara ruwa a lagireto amma in ka leƙa ƙarƙashinta ba ka ganin wani ruwan kirki a ƙasa, ko kuma ka ɗaga bonet ka tarar ruwa kore ya kwanta a ɗan lungun saman injin kusa da tamostat, to mai yiwuwa gasket ɗin manifol na shan iska, wato ƙarfen da kafireto ke zaune a kai mai raba iska da fetur zuwa silinda, shi ne ya gaji. Mai yiwuwa na ce fa. Mutane da yawa sun kwance saman injin gaba ɗaya, sun ɓata yini biyu, ƙarshe ashe kilif ɗin tiyo ne ya saki.

Wani zai ce me ya kai ruwa cikin manifol, ba iska da fetur ne ke bi ta ciki ba? A yawancin waɗannan injinan, wata famfo, wato famfon ruwan injin, yana tura ruwa cikin bulok, ruwan ya hau cikin top silinda guda biyu, daga nan ya fito ta gaba ya shiga wata hanya da ke cikin manifol ɗin wadda ta haɗa ɓangaren hagu da dama, a nan tamostat mai buɗe wa ruwa hanya in injin ya yi zafi yake zaune, sai babban tiyo na sama ya kwashe shi zuwa lagireto. Ta baya ma akwai ramukan ruwa a jikin top ɗin, sai dai a injina da yawa fuskar manifol ce kawai ta toshe su, ruwa na tsaye a wurin ba ya tafiya ko'ina, shi ya sa tsatsa ta fi cin nan. Ƙarƙashin manifol kuma kwarin injin ne, inda baƙin mai ke yawo. Kaga kenan gasket ɗaya yana raba ruwa da mai da iska, in ya saki ruwan yana da hanya uku: ya fito waje ka gan shi, ya gangara cikin baƙin mai, ko injin ya zuƙe shi ya ƙone shi tare da fetur.

Na waje shi ne mai sauƙi. Na cikin mai shi ne mugun, don kulan, wato ruwan sanyaya injin, in ya gauraya da mai yana cinye metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kai, ba ya wani jan lokaci. Ka zaro sandar auna mai, in ka ga man ya yi fari-fari da kauri, ko ma'aunin ya hau sama alhali ba ka ƙara mai ba, kar ka sake tada motar sai ka gyara. Ɗan farin danshi a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai ba hujja ba ne, motar da ke yawan ajiye ko gajeriyar tafiya tana yin haka. In kana son tabbaci ka bar ta ta kwana, da safe ka sassauta notin juye mai a hankali, ruwa ya fi mai nauyi, in yana ciki shi zai fara ɗigowa. Wanda injin ke zuƙa kuwa za ka ga farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari a salansa ko bayan injin ya yi zafi, kuma in ka ciro fulogai za ka ga ɗaya ko biyu sun yi fes kamar sababbi, sauran da dattinsu.

Kafin ka taɓa sifana ka tabbatar daga inda ruwan yake. Wanke saman injin, bar shi ya bushe sosai, sannan ka samo famfon nan na gwada matsi da ake ɗaurawa a bakin lagireto, injin a sanyaye, ka buga iska daidai lambar da aka rubuta a murfin lagireton. Yawanci psi (ma'aunin matsi) 13 zuwa 16 ne, amma motocin da suka fi tsufa akwai masu 7 har da 4, kar ka wuce abin da ke kan murfin, tsohon lagireto da tsohuwar hita ba sa jure ƙari. Sai ka ɗauki tocila ka bi. Wuyan tamostat, shi ne babban mai laifi, yakan lanƙwashe ko tsatsa ta cinye shi, barin ma irin masu ƙyalli ɗin nan da ake sawa don ado. Bakin tiyon hita da aka ɗaura a manifol. Sensan zafi. Ɗan gajeren tiyon da ke tsakanin wata famfo da manifol a injinan Ford da manyan Chevrolet. Duk waɗannan in suna yoyo ruwan a kan manifol yake taruwa, fanka kuma tana kora shi baya, sai ka rantse daga baya yake fitowa. Wurin da ya fi kowane tsayi da ka ga danshi, nan ne tushen. In ido ya kasa, akwai wani ruwan kala da ake zubawa a lagireto wanda yake haske a ƙarƙashin fitila ta musamman.

In allurar famfon tana sauka amma waje a bushe, yoyon na ciki ne, kuma a nan sai ka raba tsakanin manifol da top gasket. Top gasket in ya ƙone yawanci za ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto injin na aiki, tiyon sama ya yi tauri da wuri tun injin bai ɗau zafi ba, kwamfireshan ɗin silinda ɗaya ko biyu maƙwabta ya faɗi. In babu ko ɗaya a ciki, manifol ne ya fi kama da mai laifi.

Wasu za su ce ka zuba maganin toshe yoyo kawai. Ni dai ba na so, sai in a hanya ka maƙale kana neman isa gida. Tsohon lagireto dama rabin hanyoyinsa sun cushe, ka ƙara masa abin toshewa. Abin da ba laifi ka gwada shi ne ka bi notocin manifol da sifanar auna ɗauri, don gasket yana kwanciya da shekaru notoci su yi sako-sako, wani lokacin ɗan tsatsafar waje tana tsayawa da haka. In ba ta tsaya ba kar ka ƙara ƙarfi, kwancewa ce ta kama ka.

Kayan da za ka tanada: sabon gasket na daidai injinka kuma daidai girman ramukan top ɗinka, silikon mai jure mai da zafi, gam ɗin zaren noti, sabon tamostat da gasket ɗinsa tunda kana wurin, gasket ɗin gindin kafireto da na distiributa, baƙin mai da filta, kulan, abin kankara, tsummoki da yawa, rula ta ƙarfe miƙaƙƙiya da fila-gej (siraran ƙarafan auna tazara), sai sifanar auna ɗauri. Wannan ta ƙarshen ba a yi sai da ita, ko aro ne ka aro.

Cire kan batir na negatif. Injin ya huce sarai, kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafi. Juye ruwan a roba mai murfi, kulan guba ne kuma yana da zaƙi, yara da dabbobi na iya sha, kar a bar shi a buɗe ko a malalar a ƙasa. Ga wurin da ake yawan yin sakaci: juye lagireto kaɗai ba ya kwashe ruwan bulok duka, akwai ƙananan notocin juyewa a gefen bulok ɗin hagu da dama, ka cire su, in ruwa bai fito ba datti ne ya toshe, soka waya. In ba ka yi haka ba kana ɗaga manifol ruwan da ya rage zai kwarara cikin kwarin injin.

Ɗauki hoto da waya ta kowane ɓangare kafin ka zare komai, tiyoyin iska ƙanana, sifirin ɗin totur, wayar cok, wane bireket ne a kan wane noti. Yau kana ganin za ka tuna, gobe ba za ka tuna ba. Cire kafireto ka ajiye shi a tsaye, toshe tiyon fetur, ba sigari ba wuta a kusa.

Sai distiributa. A ƙaramin injin Chevrolet, su 283 da 327 da 350, ta cikin manifol ya ratsa ta baya, dole ya fita. Juya injin da hannu har silinda ta 1 ta zo sama a bugun matsi, rota, wato abin da ke juyawa a cikin distiributa, na kallon wayar fulogi ta 1, ka yi alama a jikin distiributa inda rota ke kallo, ka yi wata alamar tsakanin distiributa da wani abu da ba zai motsa ba. Kana zaro shi za ka ga rota ta ɗan juya saboda haƙoran giyar a karkace suke, yi wa nan ma alama, don daga nan za ka fara in za ka mayar. Daga wannan lokacin kar wanda ya juya injin. A Ford 289 da 302 distiributa a gaba yake kuma cikin bulok ya shiga, amma sau da yawa cire shi ya fi ba ka fili, sai dai ka kula da siririyar sandar famfon mai da ke ƙarƙashinsa, takan biyo shi sama ta suɓuce ta faɗa cikin tankin mai na ƙasa, wannan kuma wani aikin ne daban. Wayoyin fulogi in sun rikice, jerin Chevrolet 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, na 289 da tsohon 302 kuma 1-5-4-2-6-3-7-8, kuma kamfanonin biyu ba iri ɗaya suke ƙirga silinda ba.

Sassauta notocin manifol daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, ka jera su a kwali yadda suka fito don tsawonsu ba lallai ya zama ɗaya ba. Na kusa da ramin ruwa sukan ci tsatsa, zuba musu man sassauta tsatsa ka ba su lokaci, noti in ya karye a cikin top ka shiga uku. In manifol ya ƙi tasowa ka sake dubawa ko akwai notin da ka manta, sannan ka ɗan bubbuga da gudumar roba. Kar ka cusa sikundireba tsakanin fuskar manifol da top, tabon da za ka yi shi ne sabon yoyonka. Na ƙarfen zubi yana da nauyi, na Ford FE irin su 352 da 390 ya haura kilo 30, kuma sandunan tura bawul ta cikinsa suka bi, sai an cire murfin bawul da rokas da sandunan kafin ya fito. Wannan mutum biyu ne, kar ka ɓalla bayanka a banza.

Da ya fito kar ka yi saurin yar da tsohon gasket, duba shi da kyau, shi zai gaya maka abin da ya faru. Inda ruwa ya bi za ka ga layin tsatsa. In ka ga saman gasket ya matsu sosai ƙasansa bai matsu ba, ko akasin haka, to fuskokin ba su haɗu daidai ba kuma sabon gasket ma haka zai yi.

Yanzu shimfiɗa tsummoki a kwarin injin, cusa wasu a ramukan top, ka ƙirga nawa ka sa don ka ƙirga su in za ka cire. Kankara a hankali. In alminiyam ne yi amfani da abin kankara na roba ko reza a kwance, yana da taushi, nan da nan ake yanka shi. Faifan gurza ɗin nan da ake sawa a diril, ka rabu da shi a kan buɗaɗɗen injin, yana saurin aiki amma ƙurar da yake zubarwa tana shiga mai ta cinye metal, kuma yana ƙwaƙule fuskar ƙarfen ba ka sani ba. Tsohon gasket na wancan zamanin yana iya ƙunsar asbestos, jiƙa shi kafin ka kankare, kar ka hura shi da iska kana shaƙa. Ramukan noti ma a wanke zarensu a fitar da ruwa ko man da ya taru a ciki, in zare da datti sifana za ta ce ya ɗauru alhali bai matse komai ba. Ƙarshe goge ko'ina da abin wanke birki har tsumma ya fito fari, silikon ba ya kama wurin da ke da maiƙo ko kaɗan.

Nan ne aikin yake, duba fuskokin. Ɗora rula a tsaye da kwance da karkace, ka gwada cusa fila-gej, in na wajen milimita 0.1 yana shigewa a kusa da ramin ruwa to kai shi wurin masu injin sara su gyara fuskar. Duba kewayen ramukan ruwa, musamman in manifol alminiyam ne a kan top na ƙarfe, ƙarfe biyu daban a cikin tsohon ruwa ɗaya na cin ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Ƙananan ramuka ana cike su da gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu a goge ya yi daidai, masu zurfi sai walda da sara, in ya ci har ya kusa hujewa nemi wani manifol ɗin. Duba tsagewa kusa da ramin sensa da bakin tiyon hita, zarensu mai tsukewa ne, wanda ya ɗaure da ƙarfi yakan tsaga wurin.

Sannan ka yi gwajin bushe, wanda yawancin mutane ke tsallakewa. Ɗora sabon gasket ba gam, sauke manifol a kai, ka leƙa ramukan noti ko sun yi saiti, ka duba ko fuskar ta kwanta sama da ƙasa daidai, ka auna tazarar da ke gaba da baya tsakanin manifol da bangon bulok. Motar da ta shekara hamsin ba ka san sau nawa aka sare top ɗinta ko bulok ɗinta ba, duk sara kuma yana sauke top ƙasa ya canza yadda manifol ke zama. In manifol ya zauna a kan bangon gaba da baya kafin ya matse gasket ɗin gefe, ko ka ɗaure har noti ya karye ruwa zai bi. Maganin shi ne a sare manifol ɗin shi ma, ko a sa gasket mai kaurin da ya dace.

Wurin haɗawa, siririn silikon kewaye da ramukan ruwa huɗu, gaba da bayan gasket, shafawa da yatsa kawai ba tulawa ba, abin da ya yi yawa ciki zai matso ya tafi ya toshe lagireto. Kewayen ramukan iska kar ka sa silikon, fetur na narkar da shi. Wasu gasket na zamani masu layin roba a jiki a bushe ake sa su, karanta takardar da ta zo da shi. Duba rubutun da ke nuna sama ko gaba, kuma ka lura da ramin tsakiya da hayaƙin salansa ke bi ya ɗumama ƙarƙashin kafireto, wasu gasket a buɗe suke wasu a toshe, in cok ɗinka da wannan zafin yake aiki ka bar shi a buɗe.

Siraran gasket ɗin nan biyu da ake bayarwa na bangon gaba da baya, kanikawa da yawa ba sa sa su, suna sulɓewa su fito. A madadinsu ja layin silikon mai kaurin wajen milimita 6, ko daidai yadda zai cike tazarar da ka auna, ka ɗan hau da shi kan gasket ɗin gefe a kusurwa huɗun nan. Injinan da ke da farantin kwano a kwarin, kamar Oldsmobile da Rover V8, nasu tsarin daban ne, bi littafinsu. Cire tsummoki, ƙirga su. Sauke manifol a miƙe sau ɗaya, kar ka ja shi gaba da baya. A ƙaramin Ford notocin a tsaye suke shiga, don haka in ka yanke kan dogayen noti huɗu ka ɗaura su a kusurwa za su yi maka jagora, daga baya ka zare su.

Shafa gam ɗin zare a notocin, don wasu ramukan sun huda zuwa inda mai yake, kuma kar ka sa noti da ya fi na asali tsawo, a Chevrolet na tsakiya in ya yi tsawo yana taɓa sandar tura bawul. Fara ɗaura duka da hannu kafin sifana. Ɗauri daga tsakiya zuwa waje, hagu da dama a giciye, zagaye uku ana ƙara ƙarfi. Tsohon ƙaramin Chevrolet mai noti 12 wajen ft-lb (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 25 zuwa 30 ne, ƙaramin Ford wajen 23 zuwa 25, amma in an sa wa injin top ɗin Vortec na 1996 zuwa sama mai noti 8, ft-lb 11 ne kacal, kaga dalilin da ya sa ba a ɗaura da ka. In ka gama zagayen ƙarshe ka huta kaɗan ka sake bi, za ka ga na tsakiya sun saki, ci gaba har su daina motsi. Kuma duk wannan a yi shi kafin silikon ya bushe.

Mayar da distiributa rota na kallon alamar ƙarshe da ka yi, yana sauka rota za ta juyo ta farko. In ya tsaya saura kaɗan bai zauna ba, bakin sandar famfon mai ne bai yi saiti ba, zaro shi ka juya sandar da doguwar sikundireba, kar ka matse shi da noti. Tamostat sifirin ɗinsa na kallon cikin injin.

Bar silikon ya kwana, awa 24 in da hali, kafin ruwa. Canza baƙin mai da filta kafin ka tada injin ko da kana ganin ba abin da ya faɗa, in kuma dama ruwa ya shiga man to ka sake canzawa bayan gajeriyar tafiya. Mayar da notocin gefen bulok. Zuba kulan rabi da rabi da tataccen ruwa, zallar ruwa shi ne ya jawo tsatsar tun farko. Kafin ka tada, sake buga famfon matsi ka bar shi minti 15 zuwa 20, allura ta tsaya cak. Sannan tada injin murfin lagireto a buɗe, hita a kunne, jira tamostat ya buɗe ruwa ya faɗa ka cika, rufe, saita taimin da fitila. In silo, wato gudun injin a tsaye, ya hau ko injin na rawa, iska ce ke shiga ta wani wuri, fara da ƙananan tiyoyin da ka cire da gindin kafireto.

Bayan ta yi zafi ta huce sau ɗaya ko biyu, sake bin notocin da sifanar auna ɗauri a sanyaye, musamman in manifol alminiyam ne. Sati na farko duba ruwa da sandar mai duk safiya kafin ka tada. Ruwa zai ɗan sauka sau ɗaya ko biyu saboda iskar da ta rage tana fita, wannan ba komai. In ya ci gaba da sauka kuma kewayen manifol a bushe, koma kan famfon matsi, wannan karon ka cire fulogai duka ka bar matsin ya daɗe, sannan ka leƙa cikin silinda ko ruwa ya taru, in ya taru to top ɗin ne ko gasket ɗinsa.